Daga Rumbu Zuwa Albashi: Tarihin Ɗaukar Nauyin Tsofaffin Iyaye a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

A takardar albashin kowane ma'aikaci akan nuna abin da aka yanke masa na haraji, da na fansho, da na ƙungiyar ƙwadago. Akwai kuma wani kaso da ba ya fitowa a takardar, amma mai albashi ya san da shi kamar yadda ya san kuɗin hayar gidansa. Wannan shi ne kason iyaye, watau buhun hatsin da za a aika ƙauye, da kuɗin maganin hawan jini, da tufafin salla, da gyaran katangar da damina ta kayar. Ba akawun da yake yanke shi. Ma'aikaci ne yake yanke wa kansa, sau da yawa tun kafin kuɗin su shigo hannunsa.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi tarihin wannan kaso, a ga dalilin da ya sa ya yi wa ma'aikacin yau nauyin da bai yi wa kakansa ba. Akan ji dattawa suna cewa 'ya'yan zamani sun rage tausayin iyaye, su kuma 'ya'yan suna cewa iyaye ba su san wahalar birni ba. Tarihi bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin zarge-zargen nan biyu ba. Wajibcin ciyar da iyaye yana nan yadda yake tun ƙarnoni da dama. Wurin da ake ɗibar abin ciyarwar ne ya sauya. A da ana ɗiba ne daga rumbun da tsohon ke da ikon buɗewa, yanzu kuwa daga albashin ɗansa, wanda ba a sa tsohon cikin lissafi ba sa'ad da aka yanka shi.

Abin da Shari'a ta Ɗora

Tun kafin jihadin 1804 malaman ƙasar Hausa suke karantar da Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996, da Muhtasar na Shehu Halilu, malamin Masar na ƙarni na 14. Littattafan nan biyu sun yi bayanin waɗanda ciyar da su ya wajaba a kan mutum, kuma mazhabar Malikiyya ta taƙaita su ƙwarai: matarsa, da ƙananan 'ya'yansa, da iyayensa biyu in matalauta ne. Kaka da ƙane da baffa ba su shiga wannan tilas ba, taimakonsu sada zumunci ne.

Muhtasar ya faɗaɗa maganar iyaye. Nauyin yana kan ɗa mawadaci, namiji ko mace, kuma ya haɗa da mai yi wa iyayen hidima in suna bukatarsa, har ma da yi wa uba aure in ba shi da mata. In 'ya'yan suna da yawa, malamai sun kawo ra'ayi uku game da yadda za a raba musu nauyin: ko dai a raba daidai wa daida, ko gwargwadon rabon gado, ko gwargwadon wadatar kowa. Bugu da ƙari, ba ya halatta mutum ya ba iyayen da ciyar da su ya wajaba a kansa zakkarsa, domin yin haka tamkar mayar da kuɗin cikin aljihunsa ne.

Sharuɗɗa biyu ne suka kamata a riƙe daga wannan hukunci, domin tarihin da zai biyo baya a kansu ya rataya. Na farko, iyayen su kasance ba su da abin kansu. Na biyu, ɗan ya kasance yana da rara bayan abincinsa da na iyalinsa. A ƙauyen ƙarni na 19 sharaɗin farko bai cika faɗa wa magidanci mai gona da 'ya'ya ba, saboda wani tsari da ake kira gandu.

Zamanin Gandu

Gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa maza, ko da sun yi aure. 'Ya'yan sukan yi aiki a gonar gida daga hantsi zuwa azahar, sa'an nan kowa ya wuce gayaunarsa, watau 'yar gonar da uban ya yanka masa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Shi kuma uba shi ne mai ba da iri da fartanya da garma, shi ne mai fitar da hatsin tuwon gida, shi ke biyan harajin kowa, shi ke yi wa ɗa auren fari, shi ke sayen ragon suna. M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙauyukan Zazzau a 1949 da 1950, da Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa kusa da Katsina a 1967, duk sun tarar da wannan tsari yana aiki, sun kuma bayyana shi filla-filla.

In ƙarfin uba ya ƙare, babban ɗa yakan karɓi ragamar aiki, amma gonar tana nan da sunan tsohon har ya mutu. Saboda haka tuwon da ake kai masa ɗakinsa daga gonarsa ya fito. Ɗan da yake noma ta ya san ita ce gadonsa, kuma ya san abin da aka riga aka kashe masa wajen aure da haraji. Lissafin a rufe yake cikin gida ɗaya, ba a bukatar ko anini ya fita daga hannun wani zuwa na wani.

Ita ma tsohuwa ba zaman banza take yi ba. Da zarar mace ta wuce haihuwa, kulle yakan sassauta mata, ta shiga kasuwa, ta yi dillanci tsakanin matan da ke tsare a gidaje. Tana kaɗi, tana daddawa ko ƙuli-ƙuli, wata ungozoma ce. Akan ba ta riƙon jika mai yi mata aike da talla da ɗebo ruwa. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954, cike yake da irin waɗannan tsofaffin mata masu abin hannunsu, waɗanda su ne ma suke yi wa 'ya'yan dangi kayan ɗaki.

Amma fa kada a ɗauka zamanin gandu aljanna ce. Binciken Ɓatagarawa ya nuna gandu ya fi ƙarfi a gidajen masu hali. Uban da gonarsa ba ta isa ba, ko ya kasa yi wa ɗa aure, 'ya'yansa sukan watse su bar shi, su tafi ƙodago ko su bar garin. Gandun 'yan'uwa kuwa bai cika daɗewa ba bayan mutuwar uba. Tsohon da ba shi da ɗa ba shi da gona, sadaka da zakkar maƙwabta ne gatansa, in ba su samu ba sai bara. Watau tun a wancan zamani ma, abin da ya tsare mutuncin tsoho shi ne dukiyar da ke hannunsa, tare da tausayin 'ya'ya.

Zuwan Kuɗi

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Cikin 'yan shekaru suka kawar da wuri, suka tilasta a biya haraji da sulallansu. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, kuma daga kakar 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Wannan ya taɓa gandu ta fuska biyu. Uban da ya sami kuɗin gyaɗa ya ƙara ƙarfi, domin yana iya biyan haraji ya yi wa 'ya'ya aure. Amma saurayi ma ya gane yana iya shuka gyaɗa a gayaunarsa, ko ya tafi cin rani, ko ya nufi haƙar kuza a Jos, ya dawo da kuɗin aurensa ba tare da ya jira uba ba. Igiyar da ta ɗaure ɗa a gonar gida ta fara sassautawa tun daga nan.

Akwai wani abu game da kuɗin gyaɗa da ya dace ɗalibai su sani. Daga ƙarshen shekarun 1940 hukumar ciniki ce kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa da auduga waje, kuma a 1954 aka kafa ta Jihar Arewa. Hukumar takan yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta riƙe rarar. An ce za a ajiye ta ne don ranar da farashi ya faɗi, amma kaso mai yawa ya tafi wajen ayyukan gwamnati, har da makarantu da hanyoyi da masana'antu. Ke nan manomin gyaɗa ya yi shekaru ana yanke masa wani abu daga guminsa, kamar yadda ake yanke wa ma'aikaci, sai dai shi ba a buɗe masa littafin fansho ba. Abin da ya samu a madadi shi ne ɗan da aka ɗauke masa daga gona aka kai elemantare da midil, wanda ya fito ya zama malamin makaranta ko akawun En'e. Ɗan nan shi ne fanshonsa, kuma kowa a gidan ya san haka.

Albashi Irin na Ingila

Domin a gane irin albashin da wannan ɗa ya tarar, tilas a leƙa ƙasar da aka kwaikwayo tsarin daga gare ta. A Ingila ma an daɗe ana ɗora wa 'ya'ya nauyin iyaye. Dokar matalauta ta 1601 ta ba alƙalai ikon tilasta wa ɗa mai hali ya ciyar da iyayensa. Amma da masana'antu suka janye matasa daga ƙauyuka, sai aka ga abin ba ya yiwuwa. Jamus ta fara fanshon tsufa na ma'aikata a 1889. Ingila ta bi a 1908, shekara biyar kacal bayan cin Kano, da dokar da ta ba tsoho matalauci ɗan shekara 70 sule biyar a mako daga baitulmali. A 1948 aka soke tilascin ciyar da iyaye daga dokar ƙasar baki ɗaya. Saboda haka albashin Bature albashi ne na mutum da matarsa da 'ya'yansa, tsofaffi kuwa gwamnati ta ɗauke masa.

A Nijeriya an kawo rabin tsarin, an bar rabi a can. Da farko ma Turawa sun ɗauki lebura baƙar fata a matsayin gwauro mai cin rani, wanda ƙauye zai ciyar masa da iyali, ya kuma karɓe shi in ya tsufa. Bayan yajin aikin gama-gari na 1945 aka ƙara wa ma'aikata kuɗin tsadar rayuwa, aka kuma yi dokar fansho a 1951 wadda aka mayar da fara aikinta zuwa Janairun 1946. A 1961 aka kafa asusun tanadi na ƙasa saboda ma'aikatan kamfanoni. A ƙasashen da Faransa ke mulka, har da Nijar, an fara biyan ma'aikata kuɗin iyali a 1956, amma bisa yawan 'ya'ya. Duk waɗannan dokoki tsufan ma'aikaci da ƙuruciyar 'ya'yansa suka duba. Ba wadda ta waiwayi manomin da ya haife shi.

A shekarun 1950 da 1960 wannan giɓi bai fito fili ba. Ma'aikata kaɗan ne, albashinsu yana da daraja, uba kuma yana da gyaɗarsa da sauran 'ya'ya a gona. Abin da akawu ke aikawa gida ta gidan waya ko ta hannun direba kyauta ce ta fita kunya, kamar riga da goro da kwanon rufi. Sau da yawa ma daga ƙauye ake aiko masa da hatsi da man shanu.

Shekaru Uku da Suka Juya Lissafi

In ana neman lokacin da jakar gida ta tashi daga hannun uba ta koma hannun ɗa, to, shi ne tsakanin 1973 da 1975. A 1973 fari ya kai maƙura a duk faɗin Arewa da Nijar, hatsi ya ƙone, dabbobi suka mutu. A 1975 cutar kuturtar gyaɗa ta bi gonaki ta cinye amfanin shekarar, daga nan dalar gyaɗar Kano ba ta sake tashi ba. A daidai wannan tsakani ne farashin man fetur ya ninka a kasuwar duniya, gwamnatin Janar Gowon ta karɓi rahoton Udoji a 1974, aka ƙara albashi, aka biya ma'aikata ariyas na watanni a farkon 1975. Uba ya rasa abin sayarwa a shekarun da ɗansa ya sami kuɗin da bai taɓa riƙewa ba.

Kuɗin Udoji sun tayar da farashin kaya ga mai albashi da marar albashi. Matasan da suka rage a gona suka bi aikin gine-gine zuwa birane. A 1976 aka fara ilmin firamare kyauta ga kowa, abin alheri ne babba, amma ya ɗauke wa tsohuwa jikan da ke yi mata aike da safe. Kaɗi kuwa tuni masaƙu irin ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, suka rage masa kasuwa. Gonakin da ke kusa da birane suka shiga hannun hukuma da masu kuɗi, musamman bayan dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda ta tanadi diyyar amfani da gini, ban da ta ƙasar kanta. Ɗorayi, inda Polly Hill ta ƙirga gonaki a farkon shekarun 1970, yau unguwa ce a cikin birnin Kano. A 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta. Amma biyan haraji yana cikin abubuwan da uba ke yi wa ɗa a gandu, don haka wata igiyar ta sake tsinkewa.

Tun a wannan lokaci aka ga hatsarin rataya gida duka a wuyan mutum ɗaya. A 1975 gwamnatin Janar Murtala ta sallami ma'aikata fiye da dubu goma. Bayan kowane ɗaya daga cikinsu akwai wani gida a wani gari da saƙon ƙarshen wata ya yanke masa.

Daga 1986 Zuwa Yau

Mafi ƙarancin albashi na farko da doka ta tsayar, a 1981, naira 125 ne a wata, kuma a lokacin ya kai kimanin dalar Amurka 200. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin ciniki, asibitocin gwamnati suka koma rubuta wa majiyyaci takarda ya je kemis ya saya. An yi ta ƙara mafi ƙarancin albashi: naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, da 70,000 a 2024. Amma bayan cire tallafin man fetur da sakin naira a 2023, waɗannan dubu saba'in ba su kai dala 50 ba a ranar da aka sa wa dokar hannu. Sharaɗi na biyu da malamai suka gindaya, watau ɗa ya kasance yana da rara, ya zama abin tambaya ga ƙaramin ma'aikaci, alhali sharaɗi na farko ya tabbata a kan iyaye masu yawa.

Wani sabon abu kuma ya bayyana, shi ne uban da shi kansa tsohon ma'aikaci ne. Akawun da ya ci Udoji ya yi ritaya a shekarun 1990 bisa dokar fansho ta 1979, wadda ta ɗora biyan duka a kan baitulmali. Da kuɗi suka yi wa gwamnatoci ƙaranci, sai fansho da garatuti suka riƙa makalewa wata da watanni, tsofaffi suna bin layin tantancewa. Tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko duk sa'ad da aka ƙara albashi, amma an sha saɓa wa wannan. Mutumin da ya ciyar da ubansa daga albashi, ya kasa tara komai saboda haka, sai ya wayi gari a hannun nasa ɗan. Nauyin ya zama abin gado.

Dokar 2004 ta sauya tsarin zuwa na tarawa, ma'aikaci da mai ɗaukarsa kowa ya zuba kashi bakwai da rabi cikin ɗari. Ta 2014 ta mayar da shi kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga mai ɗaukar aiki. Masu irin wannan asusu sun kai kimanin miliyan goma a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan ɗari biyu. Manomi da maƙeri da mai ƙosai, waɗanda su ne iyayen galibin ma'aikatan Arewa, kusan dukansu suna waje, ko da yake an buɗe wa masu sana'ar hannu ƙaramin tsarin fansho na ganin dama a 2019.

Kuɗin Jinya

A yau abin da ya fi karya ma'aikaci shi ne rashin lafiyar iyaye. Hatsi ana iya ƙiyasta shi a shekara, ciwo kuwa ba ya sallama. Cututtukan tsufa, irin su hawan jini da ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda, ba a warkewa daga gare su a mako biyu. Magani ake sha har iyakar rai, kuma yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala. Mai ciwon ƙoda yana bukatar wanki sau biyu ko uku a mako, kuma a 2024 kuɗin wankin mako guda a yawancin asibitoci ya fi mafi ƙarancin albashin wata. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na duk abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata da danginsu yake fitowa.

A nan ne gadon tsarin Ingila ya fi fitowa sarari. Inshorar lafiya ta ƙasa, wadda aka yi dokarta a 1999 ta fara aiki a 2005, ta fassara iyalin ma'aikaci da cewa shi ne, da matarsa ɗaya, da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Uwa da uba sai an biya musu kuɗi na dabam. Dokar harajin kuɗin shiga ta yi shekaru tana yafe wa ma'aikaci haraji a kan naira 2,000 kacal a shekara saboda kowane ɗan'uwa da yake ciyarwa, iyaka mutum biyu. Dokar fansho ta yarda mutum ya ciri kashi 25 na ajiyarsa in ya yi wata huɗu ba aiki, ko don ya ba da kafin alƙalamin sayen gida, amma ba ta buɗe irin wannan ƙofa ba saboda jinyar mahaifi. Saboda haka ma'aikaci yakan bi hanyoyin da ya sani: ya ɗauki adashi kafin zagayensa, ya ci bashin ƙungiyar ofis, ya sayar da fili ko babur, ya jinkirta kuɗin makarantar yara. Kowace daga cikinsu ɗiba ce daga abin da zai ci a nasa tsufan.

Akwai kuma kuɗin da ba a ƙirgawa. Asibitin gwamnati ba ya kwantar da tsoho sai da ɗan jinya, kuma galibi mace ce, 'ya ko suruka. In malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar ofis, aikinta ne zai sha wuya. In mai sana'ar gida ce, jarinta ne zai narke. Tsakanin 'yan'uwa kuwa, al'ada ta zaɓi ra'ayin nan na uku, watau gwargwadon wadata, sai dai ana auna wadatar da ido. Duk wanda aka san yana karɓar albashi shi ne mawadaci, ko da ƙanensa ɗan kasuwa ya fi shi samu. Zumunci da yawa ya lalace a bakin gadon asibiti saboda wannan.

Kammalawa

Ƙasashen da suka fuskanci wannan matsala hanya biyu suka bi. Singafo a 1995 da Indiya a 2007 sun yi dokokin da suka ba iyaye damar kai 'ya'ya ƙara. Ƙasar Hausa ba ta bukatar wannan, domin hukuncin yana cikin Muhtasar tun ƙarni na 14, kuma kunya da tsoron bakin iyaye sun fi sammaci ƙarfi. Hanya ta biyu ita ce a mayar wa tsoho wani abu a hannunsa. Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun kafa inshora ta musamman saboda jinyar tsufa. A Afirka ma, Afirka ta Kudu ta daɗe tana biyan tsofaffi kuɗin wata, Botswana ta fara a 1996, Lesoto a 2004, Zanzibar a 2016, kuma binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya nuna kuɗin da aka ba kaka har a jikin jikokinta mata ake ganinsu.

A Nijeriya alkawarin yana rubuce. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1979 da na 1999 ya lissafa kula da tsofaffi da fansho cikin manufofin gwamnati, sai dai yana cikin babin da ba a iya kai ƙara kotu a kansa. Jihar Ekiti ta fara ba tsofaffi 'yan shekara 65 naira 5,000 a wata a 2011, amma shirin ya riƙa tsayawa yana tashi gwargwadon canjin gwamnati. An sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu saboda masu rauni, har da tsofaffi. Waɗanda suka haura shekara 60 kimanin kashi biyar ne cikin ɗari na mutanen ƙasar, saboda haka yanzu ne aikin yake da sauƙi, kafin yawansu ya ƙaru.

Abubuwa uku suna hannun waɗanda ke rubuta dokoki da kasafin kuɗi a ma'aikatun jihohi, da ɗaliban da za su gaje su. A faɗaɗa ma'anar iyali a inshorar lafiya ta jiha ta ɗauki uwa da uba. A biya fansho da garatuti a kan kari, domin duk watan da aka riƙe wa tsoho, daga albashin wani ƙaramin ma'aikaci ake cike shi. A kuma fara tunanin ɗan abin wata ga tsohon manomi da tsohuwar da ba su taɓa shiga ofis ba, ko da za a fara ne daga 'yan shekara 70. Mutanen da suka noma gyaɗar da aka gina makarantun Arewa da rararta galibi sun riga mu gidan gaskiya ba tare da an biya su ba, amma 'ya'yansu da suka tsaya a gona suna nan, su ne tsofaffin ƙauyukan yau.